Ƙwallon Atisayen Bugu a Wasan Softbol: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tauri, Ƙarko da Tashi

Wasan softbol ɗan'uwan besbol ne. A birnin Shikago na Amurka aka fara shi a 1887, kuma har yau Amurka ce cibiyarsa, sai ƙasashe irin su Japan, Kanada, Ostireliya da Meziko da suka riƙe shi hannu bibbiyu. Ƙwallonsa ta fi ta besbol girma, filinsa bai kai na besbol faɗi ba, mai jifa kuma ta ƙasa yake sako ƙwallo, ba ta saman kafaɗa ba. Manyan nau'o'insa biyu ne. Akwai na jifa mai sauri, wanda mata suka buga a gasar Olamfik daga 1996 zuwa 2008, suka sake bugawa a ta Tokyo. Akwai kuma na jifan lilo, inda ake sako ƙwallo a hankali ta yi sama ta gangaro, wanda magidanta ke bugawa da yamma bayan an tashi daga aiki.

A wasa guda da wuya ɗan wasa ya samu zuwa bugu fiye da sau uku ko huɗu. A atisaye kuwa, bugun da yake yi a mako ba ya ƙirguwa. Ke nan ƙwallon da ke cikin bokitin koci ita ke gina hannunsa, ita ke cin sandar da yake bugu da ita, ita ce kuma ta fi samun damar ji wa wani rauni. Duk da haka ita ce ake saye ido rufe, in dai an ga araha.

Da me ƙwallon atisaye ta bambanta da ta gasa?

Ta gasa tana ɗauke da hatimin hukumar da ta amince da ita, kamar USA Softball, ko USSSA, ko NFHS mai kula da wasannin makarantun sakandare, ko NCAA ta jami'o'i. Hatimin shaida ce cewa an auna girmanta, nauyinta, taurinta da tsallenta, an ga ba su ƙetare iyaka ba. Ta manya kewayenta inci 12 ne, wajen santimita 30 da rabi, nauyinta kuma tsakanin giram 178 da 198.

Ta atisaye babu wanda ya wajabta mata wannan gwaji. Wata ƙwallon gasa ce sak, fatarta ce kawai ta samu ɗan tabo a masana'anta aka rage mata kuɗi. Wata an lulluɓe ta da fatar roba don ta daɗe. Wata kuma tun asali ba a yi ta don ta yi kama da ta gasa ba: ta inji ce, ko ta soso, ko mai yashi a ciki. Don haka in mai shago ya ce muku "ta atisaye ce", bai gaya muku komai ba tukuna. Ku tambaye shi, atisayen me?

Me ke cikin ƙwallon?

Yawancin na yau dunƙulen roba ne mai tauri da ake kira foliyuretan, a lulluɓe shi da yankin fata biyu, a manne, a ɗinke. Ba a naɗa mata zaren ulu kamar ta besbol. Wasu masu sauƙin kuɗi ana yin cikinsu da totuwar ɓawon itace, irin wadda ake toshe bakin kwalba da ita, a haɗa da roba.

A da can audugar rimi ake matsewa ta zama cikin ƙwallon. Rimin nan dai da muka sani, wanda ake cusa audugarsa a matashin kai. Ƙatuwar ƙwallon nan mai inci 16 da mutanen Shikago ke bugawa ba safar hannu, wadda ake kira Clincher, da irin wannan ciki aka san ta. Shi ya sa take fara wasa da tauri har ta gurɗe wa mutane yatsu, kafin a tashi kuma ta yi laushi.

Ciki shi ke yanke hukuncin tauri da tsalle. Fata da ɗinki kuma su ke da alhakin riƙo a hannu, juyi a iska, da tsawon kwanan ƙwallo.

Ina ganin lambobi irin 47/375 ko 52/300 a jikin ƙwallo. Me suke nufi?

Wanda ya gane waɗannan lambobi biyu ba za a sayar masa da abin da bai nema ba.

Ta farko, wadda ake rubuta haruffan COR kusa da ita, ma'aunin tsalle ce. A ɗakin gwaji ana harba ƙwallon da gudun mil 60 a awa, wajen kilomita 97, ta daki bango mai ƙarfi da ba ya motsi, sai a auna gudun da ta dawo da shi. In ta dawo da mil 28, a raba 28 da 60, an samu kusan 0.47. Mai 0.52 za ta dawo da wajen mil 31, mai 0.40 kuma da mil 24. Sauran ƙarfin ya salwanta a lotsawar da ƙwallon ta yi.

Ta biyu ma'aunin tauri ce. Ana sa ƙwallon tsakanin farantan ƙarfe biyu a matse ta har ta lotsa da rubu'in inci, wato milimita 6 da ɗan ɗori, a duba nauyin da aka sa kafin ta kai haka. In an rubuta 375, laba 375 ke nan, kusan kilo 170. Mai 300 kilo 136 take buƙata.

A wasan jifa mai sauri, 47/375 ce USA Softball da NFHS suka tsayar. A na lilo kowace hukuma da tata: USA Softball tana amfani da 52/300, USSSA tana da wadda take kira Classic M mai 40/325, gasar dattawa kuma an san ta da 44/375. Lambobin iyaka ce ta sama, ba alkawari ba ne cewa kowace ƙwallo a cikin dozin ta kai nan cif.

Abin da nake so kowane koci ya riƙe shi ne tauri daban, tsalle daban. Dutse ya fi ƙwallon robar yara tauri nesa ba kusa ba, amma ku sake su tare a kan siminti ku ga wanda zai tashi. Ƙwallon 52/300 ta fi 44/375 tsalle, alhali ta fi ta laushi.

To wacce ta fi tafiya nesa, mai tauri ko mai tsalle?

Mutane da yawa suna ɗauka mai babban COR ce. A jikin bango haka ne. Amma sanda ba bango ba ce. Sandunan yau fanko ne a ciki, walau na alminiyum ko na zaren kabon da aka haɗa da danƙo. Haɗuwar sanda da ƙwallo ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a ɗan wannan lokaci dukkansu biyu lotsawa suke yi. Bambancin shi ne in ƙwallo ta lotsa, ƙarfi mai yawa take ɓatarwa, jikin sanda kuwa in ya lotsa kusan duk ƙarfin yake mayarwa. Ƙwallo mai tauri ba ta yarda ta lotsa sosai, sai ta tilasta wa sanda ita ta lotsa, sandar kuma ta cilla ta. Shi ya sa a kan sanda mai kyau 44/375 ta fi 52/300 fita da gudu, duk da lambar tsallenta ba ta kai ba. Da sandar katako wadda ba fanko ba, wannan fifiko yana raguwa ƙwarai, tsallen ƙwallon ya fi yin tasiri.

Ɗakin gwajin kayan wasanni na Jami'ar Jihar Washinton da ke garin Pullman, ƙarƙashin Farfesa Lloyd Smith, ya daɗe yana aiki a kan wannan haɗuwa ta sanda da ƙwallo. Daga irin binciken nan aka gane cewa matse ƙwallo a hankali tsakanin faranti ba ya nuna duk halinta a lokacin bugu mai ƙarfi, har aka ƙara wani gwajin da ke auna taurinta tana cikin gudu.

Ga inda abin ya shafi atisaye. In ana horo da ƙwallon da ta fi ta gasa tauri, 'yan wasa za su riƙa ganin ƙwallo na tsallake shinge su ɗauka hannunsu ya faɗa. Ranar gasa irin wannan bugun sai ya sauka a safar mai tsaron baya. In kuma da matacciyar ƙwallo ake horo, ɗan wasa zai yi bugu mai kyau ya ga ba ta tafi ba, ya shiga gyara salon da ba shi da laifi. Wannan na biyun ya fi damuna, domin yaro ne ke ɗaukar laifin da na ƙwallo ne.

Me ya sa aka rage taurin ƙwallo a wasan lilo?

Saboda mai jifa. Ƙafa 50 ce tsakaninsa da mai bugu, wajen mita 15. A shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ana buga ƙwallaye masu taurin laba 525, sanduna kuma kullum sai ƙara ƙarfi suke yi. USA Softball ta sa wa sanduna iyaka a gwajinta: kada ƙwallo ta fita daga jikinsu da gudun da ya wuce mil 98 a awa, wajen kilomita 158. Ko a wannan gudun, ƙwallo ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta isa fuskar mai jifa. Sai hukumomi suka bi ta ɓangaren ƙwallon ma, har USA Softball ta koma 52/300 a shekarun 2010. Mai laushi in ta daki jiki tana ɗan bajewa, ƙarfin dukan ya rarrabu. Amma kada kowa ya ɗauka ba ta karya ƙashi. Tana karyawa.

A atisaye haɗarin ya ma fi yawa, domin koci yakan matso kusa ya riƙa sako ƙwallo, kuma bi da bi yake yi har hankalinsa ya gaji. Ragar kariya a gaban mai jifa wajibi ce, kowace irin ƙwallo ake bugawa. A riƙa duba ragar ma, don ko ƙaramar huda ce ƙwallo tana iya wucewa ta cikinta.

Da gaske ne ƙwallo mai tauri tana fasa sanda?

Da gaske ne. Lotsawar nan da ke sa sanda cilla ƙwallo ita ce kuma ke cin ranta. Sandar alminiyum takan loɓa. Ta zaren kabon danƙon cikinta ke tsattsagewa kaɗan-kaɗan. Da farko hakan ƙara mata kyau yake yi, shi ya sa sabuwa ba ta kai wadda aka ɗan yi aiki da ita tashi ba. Amma tsagewar ba ta tsayawa, tana ci gaba har ranar da za a ji ƙararta ta sauya, a duba a ga tsaga ta bi jikinta. Ƙwallo mai tauri tana gaggauta wannan tafiya.

Sanda mai kyau tana kai ɗaruruwan daloli. Wanda ya yi tsimin kuɗin ƙwallo ya sayo marasa lamba masu taurin tsiya, a sanda zai biya abin da ya rage har da riba. Abu biyu ke taimakawa: a riƙa juya sandar kaɗan a hannu bayan kowane bugu don kada gefe ɗaya ya sha wahalar, a kuma ware tsohuwar sanda don atisaye a adana ta gasa.

Ƙwallayen nan masu launin ɗorawa da ƙananan ramuka, na injin jifa, suna da kyau?

Ga aikin da aka yi su dominsa suna da kyau. Dunƙulen roba ne guda, ba fata ba ɗinki, jikinsu da ramuka irin na ƙwallon golf. Injin jifa mai taya, irin wanda kamfanin JUGS na jihar Oregon ya yi suna da shi, yana kama ƙwallo ya watso ta. In babu ɗinkin da tayar za ta ci karo da shi, kowace ƙwallo kusan wuri ɗaya za ta sauka. Ba sa shan ruwa, ana wanke su, kuma suna daɗewa fiye da kowace ƙwallon fata. Shi ya sa wuraren bugu na haya suka dogara da su.

Matsalarsu uku ce. Da yawansu sun fi ƙwallon gasa cin sanda. Duba jikin sandar da ta sha bugunsu za ku ga shafe-shafen ɗorawa da na baƙin tayar inji sun manne mata, kuma kamfanonin sanda da yawa ba sa karɓar garanti in sun ga alamar an yi aiki da ita a irin wannan wuri. Na biyu, ba su da ɗinki, mai bugu ba ya koyon karanta juyin ƙwallo, alhali a wasan jifa mai sauri jan ɗinkin da ke kan fatar ƙwallon gasa mai launin ɗorawa shi ke nuna masa ko ƙwallo za ta yi sama ko za ta faɗo. Na uku, in suka tsufa ramukan suna shafewa su yi santsi, taya ta kasa riƙe su da kyau, jifa ya fara kaucewa. Inji mai watsa ƙwallo barkatai a gudun gasa ba abin wasa ba ne.

Ra'ayina a yi amfani da su don saba wa ido da gudu, da tsohuwar sanda, kada su zama su kaɗai ɗan wasa ya sani.

Zan iya sa ƙwallon fata a cikin injin?

Za ku iya, amma taya za ta cinye ɗinkin da wuri, kuma mai tudun ɗinki ba za ta riƙa sauka wuri ɗaya ba. Akwai na fata masu kwantaccen ɗinki da zare mai ƙarfi da aka yi musamman don inji. Injin da ke jifa da hannun ƙarfe, irin Iron Mike, bai kai mai taya cin fata ba.

Zafi da sanyi suna sauya ƙwallo?

Sosai ma, fiye da yadda yawancin 'yan wasa ke zato. Lambar da ke jikin ƙwallo an samo ta ne bayan an ajiye ta a ɗakin da zafinsa yake wajen digiri 22, laimar iskarsa kashi 50 cikin 100. Da zarar ta fita daga wannan yanayi, halinta ya sauya. Foliyuretan yana ƙara tauri a sanyi, yana saki a zafi. Laima ma tana sassauta shi, bushewar iska kuma tana ƙarfafa shi. Ƙwallo guda za ta yi tashin ban mamaki da sanyin safiya, da rana tsaka a lokacin bazara kuma ta zama kamar ba ita ba. Ɗaya daga cikin abin da ake yaba wa 52/300 shi ne ba ta kai tsofaffin masu tauri saurin sauyawa da yanayi ba.

Shi ya sa kamfanonin sanda ke gargaɗin kada a buga sandar zaren kabon in sanyi ya sauko ƙasa da wajen digiri 15. Babban mai laifi a nan ƙwallon ce da ta ƙanƙare. Shi ya sa kuma wasu marasa gaskiya ke ɓoye ƙwallo a cikin kular ƙanƙara kafin ƙungiyarsu ta zo bugu, abin da dokokin gasa suka haramta.

A besbol ma an ga tasirin iska a fili. Ƙungiyar Colorado Rockies da ke Denver, gari mai tudu da busasshiyar iska, tun 2002 take ajiye ƙwallayenta a ɗaki mai daidaitacciyar laima don kada su bushe su riƙa tashi fiye da kima.

Wanda ke buga wasan a yankinmu wannan tambaya ta shafe shi kai tsaye. A Yamai da Dakar an sha shirya gasar softbol ta shekara-shekara, galibi ta Amurkawa mazauna Afirka ta Yamma. A Yamai, Kano ko Sakkwato zafin watan Afrilu yana wuce digiri 40, don haka ƙwallon da aka rubuta wa 375 ba za ta nuna wannan taurin da azahar ba. Da damina zafi da laima sun haɗu, nan ta fi laushi. Safiyar hunturu kuwa ga sanyi ga bushewa, nan ta fi tauri, nan ne kuma ya kamata a tausaya wa sanda mai tsada.

Yaya zan gane ƙwallo ta mutu?

Ba kwanaki ake ƙirga mata ba, bugu ake ƙirgawa, da ƙarfin masu bugun. Bokitin da 'yan mata 'yan shekara 12 za su ci kakar wasa guda da shi, ƙartan wasan lilo za su kashe shi tun kakar ba ta yi nisa ba. Kowane bugu mai ƙarfi yana rage wa cikin tauri, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ku ɗauki ƙwallon a hannu, ku ɗora babban yatsa kusa da ɗinki ku tura. In fatar ta motsa a kan cikin, mannin ya saki. Ku bi jan zaren da ido: in ya yi gashi-gashi, ko wani wuri ya buɗe baki, bugu kaɗan ya rage mata. Ku mirgina ta a kan shimfiɗaɗɗen siminti. Lafiyayya miƙewa take yi, wadda gefenta ya kwanta kuwa tana tafiya tana ɗingishi. Sannan ku saurara lokacin bugu. Mai rai ƙwas take cewa a jikin sanda, matacciya bif.

Sakin tsohuwa da sabuwa daga tsayi ɗaya a kwatanta tsallensu yana nuna wadda ta lalace sarai, amma ba ya kama wadda ta fara gajiya, domin gudun faɗowa daga hannu bai kusanci na bugu ba.

Fatar gaske ko ta roba?

Ta gaske ta fi daɗin riƙo, tana ƙara kyau a hannu in ta ɗan sha aiki, kuma ita mai jifa ke buƙata don koyon juya ƙwallo. Amma tana shan ruwa, tsakuwa da busasshiyar ƙasa kuma suna kankare ta. Ta roba ta fi juriyar raɓa da datti, ta fi araha, sai dai tana santsi in ta jiƙe ko ta tsufa. In bugu cikin raga kawai za a yi, ta roba ta wadatar. In mai jifa na gaske ne zai jefa wa masu bugu, a ba shi irin wadda zai riƙe ranar gasa, har tudun ɗinkin ya zama iri ɗaya.

Ruwa ya doke mana bokiti guda. Sun lalace ke nan?

Ba lallai ba. A zazzage su, a goge, a baza su a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa juya su. Kada a sa su a rana mai ƙuna ko kusa da wuta, fatar za ta ƙanƙance ta tsage. In sun bushe a ɗora su a sikeli. Wadda ta wuce giram 200 har yanzu da ruwa a jikinta, kuma ƙwallo mai nauyi tana wahalar da sanda da kafaɗar mai jifa.

'Yata shekararta 9. Wace ƙwallo ta dace da ita?

A tsarin Amurka 'yan shekara 10 zuwa ƙasa ƙwallon inci 11 suke bugawa, sai sun shiga rukunin 'yan 12 su koma inci 12. Ƙananan da ba su kai haka ba ana fara musu da masu laushi. Kamfanin Worth yana da jerin da yake kira RIF, mai mataki 1, 5 da 10, daga mafi laushi zuwa wadda ta kusa ta gasa. Easton kuma yana da IncrediBall. Girmansu da nauyinsu sun yi kusa da na gaske, cikinsu ne mai sauƙi.

Ina roƙon iyaye kada su yi gaggawa a nan. Yarinyar da ƙwallo mai tauri ta fasa wa leɓe a makonta na farko za ta daɗe tana kau da kai duk sanda aka sako mata, kuma cire wannan tsoro ya fi koya mata bugu wuya. Akwai kuma abin da ya fi wannan girma: duka a ƙirji daidai saitin zuciya yana iya tsayar da bugunta, kuma yara sun fi shiga wannan haɗari saboda ƙirjinsu bai yi ƙwari ba. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ƙwallo mai laushi tana rage yiwuwarsa. Hular kwano mai kariyar fuska kuma a kanta take duk lokacin da ta riƙe sanda, ko a gida ne.

Masu nauyi da marasa nauyi fa, suna da amfani?

Masu yashi a ciki wasunsu sun ninka ƙwallon gasa nauyi. Ba sa tafiya nesa, don haka ana bugunsu a ƙaramin wuri ba raga. Amfaninsu shi ne ba sa ɓoye kuskure: in an same su a tsakiya su miƙe, in an shafi sama ko ƙasa su baje su faɗi nan kusa. Kaɗan ake yi da su, daga kusa, da tsohuwar sanda, kuma ba na jifa ba ne ga yara.

Marasa nauyi, na soso ko na roba mai huji irin Wiffle da aka ƙirƙiro a jihar Connecticut a 1953, na horar da ido ne da saurin hannu. Suna da kyau a cikin ɗaki da wajen ɗumama jiki kafin wasa. Sai dai hannu ba ya jin nauyin haɗuwa da su, don haka ba sa maye gurbin ta gaske.

Kuɗinmu kaɗan ne. Me za mu fara saya?

Ku fara duba lambar da gasarku ke amfani da ita, ku nemi masu wannan lambar da aka rage wa kuɗi saboda tabon fata ko karkataccen tambari. Cikinsu ɗaya ne da na gasa. Dozin biyu na irin waɗannan sun fi dozin biyar na marasa suna marasa lamba, waɗanda ba ku san taurinsu ba sai sanda ta gaya muku. In akwai saura, ragar kariya ce ta biyu, kafin a yi maganar inji.

Laifi ne a haɗa iri-iri a bokiti ɗaya?

Ga bugu a fili, laifi ne. In ƙwallo ta farko 44/375 ce, ta biyu 52/300, ta uku matacciya, ɗan wasa ba zai san ko hannunsa ne ya sauya ko ƙwallon ba, koci ma ba zai sani ba. Masu tsaron fili su ma ba za su saba da tsalle ɗaya ba.

A raba su gida uku, a yi wa kowane rukuni alama da maka. Sababbi da waɗanda suka fito daga gasa su tafi bugun fili da jifa na gaske. In sun fara gajiya su koma bokitin jifan kusa cikin raga. In sun ƙara tsufa su koma kan turken ɗora ƙwallo, inda nisan tafiyarsu ba ya cikin lissafi. Wadda ɗinkinta ya buɗe ko siffarta ta karkace a fitar da ita gaba ɗaya, kada a ba masu koyon tsaron fili, don tsallenta ba shi da tabbas kuma fuska yake nema.

A ina ya kamata a ajiye su?

A cikin ɗaki mai inuwa, busasshe, ba a but ɗin mota ba, ba kuma a shagon kwano da rana ke gasawa ba. In sun dawo daga fili da raɓa ko gumi a bar murfin bokitin a buɗe su sha iska kafin a rufe. A kakkaɓe musu ƙasa da busasshen tsumma, domin yashin da ya maƙale a ɗinki shi ke yanke zaren a hankali, shi ke kuma karce fentin sanda. Na inji a wanke su da ruwa da ɗan sabulu lokaci-lokaci, a goge tayar injin ita ma, jifan zai dawo saiti.